Bugun Rumbu a Shekarar Fara

Tun da na dawo daga zagayen rumbunan nan ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a bakin kasuwar Wurno, wani zai ce, "Mani, wai ƙaƙa anka yi?" In na je ɗaurin aure, sai a matso kusa da kunnena a ɗaga murya kamar ana kiran mai kwalekwale, a fashe da dariya. Mani Kurma, sunan da na samo ke nan. Abin da kowa ke son ji ɗaya ne: yadda mutumin da ya gaji ginin rumbu wajen ubansa, wanda bai taɓa buga rumbu ya kuskure abin da ke ciki ba, ya kasa rarrabe gero da rairayi. Na daɗe ina haɗiye maganar. Yanzu abokin tafiyata da nake tsoron ta taɓa ya riga mu gidan gaskiya, Baturen da ya aike ni kuma an yi masa canji, don haka ga ta nan, ku huta ni ma in huta.

Shekara guda kafin fara ta zo, Bature ya kawo doka. Kowane ƙauye ya gina babban rumbun laka, kowane gida ya zuba tsabar gero, a rufe baki, a shafe da laka, a danna hatimi. An ce ajiya ce don ranar yunwa. Ba mai buɗewa sai takarda ta zo daga Sakkwato. Ƙauyen da ya taɓa, a ɗaure maigarin, a bi gida-gida a kwashe duk hatsin da aka samu a mayar. Ni a lokacin ban ga aibun abin ba. Kakanninmu ma sun yi rumbun tsimi, kuma gaskiya ita ce na ci aikin ginin, har riga na ɗinka.

Sai fara ta zo ta share gonaki. Rani bai yi nisa ba aka fara raɗe-raɗin wasu sun huda rumbunan ta ƙasa. Hatimi ba ya fasuwa don a leƙa, don haka aka nemi mai kunne, aka ce ai sai Mani. Aikina ba wuya a ido. Sandar kanya ce da ni, in buga gindi, in buga ciki, in buga wuya. Gero yana amsawa da taushi, kamar ka daki bayan mai barci. Rumbun da babu komai yana kuka kamar tulu. Aka haɗa ni da dogari ɗaya, Sambo, dattijo dogo marar yawan magana, da jar riga da igiya naɗe a kafaɗa. Ni in faɗi abin da na ji, shi ya ɗaure. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mun fita Wurno da hantsi, jakina a gaba. A Dinawa abin kamar biki. Mutane suka kewaye ni suna kallo, na buga, na ce cike yake, aka kawo mana fura. Furar ce ta fara ba ni labarin shekarar, don ruwa ya fi gari, har kana hango gindin ƙwarya. Ban kula ba. Kaina ya yi girma a ranar, ina juya sanda kamar wani sarkin makaɗa.

Wajen ƙetare gulbi kusa da Rabah jakin ya ga dama ya kwanta cikin ruwa, da garinmu da albasarmu da komai. Sambo ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Wanga jaki ya hi mu hankali, ba shi son tahiyar ga." Muka kwana a zauren wani mahauci da ya daina yanka, muka ci garin da ya jiƙe kafin ya yi tsami. A Rabah na lura baƙo ba ya samun "bismilla" in ya tarar ana ci. A Wurno ko da gaya ne sai an ce ka sa hannu. A nan juya maka baya ake yi, kuma mai juyawar ya fi ka jin kunya.

Bayan Maikujera, a wata ƙaramar tunga, na yi abin da har yau nake nadamarsa. Na buga gindi, gero. Na buga ciki, tulu. Ban ko tsaya tunani ba na ce, "An sha rabi." Da alfahari na faɗe shi, ina duban mutane su ga gwaninta. Sambo ya sauke igiya. Maigarin bai yi gardama ba, shi ya miƙo hannuwansa. Aka tafi da shi Rabah, aka aiko waɗanda za su bi gidaje. Wata mata da goyo ta biyo mu har bayan gari. Ba ta zage ni ba. Kunnena kawai take kallo, na dama, har muka sha kwana. Duk yinin nan ina taɓa shi.

Daga nan muka juya arewa, wajen Goronyo. Hanyar ta canza. Sai ka ga mata durƙushe a kan gidan tururuwa suna tona, suna tsince 'yan ƙwayoyin da tururuwa ta tara. Wasu na jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin da sai sun kwana uku cikin ruwa kafin su ciwu. Kowa ya hango jar rigar Sambo sai ya sauka daga hanya.

Ni mai kunne ne, da kunne nake sanin gari kafin in gan shi. Tun daga nesa za ka ji turmi, ka ji zakara, ka ji uwa na ƙwala wa ɗanta kira. Rana ta huɗu, rana tsaka, muka hango wani ƙauye da ake kira Gidan Altine. Ga dangogi, ga ɗakuna, ga rumbun Bature tsaye a tsakiya, ni na gina shi da hannuna. Amma ban ji komai ba. Na tsayar da jaki na saurara. Ko kukan akuya babu. Sambo ya ce, "Mi kaj ji?" Na ce ba abin da na ji. Ya ce, "To shi na nika tsoro."

Muka yi sallama a ƙofa ta farko, da ta biyu, da ta uku. Asabari a sake, turame a kife, tabarya jingine da danga har gara ta fara hawanta. A bayan gari akwai kaburbura sababbi, an jera musu ƙaya, da yawansu ba su kai tsawon sandata ba. Sai muka ji shara. Shar, shar, a hankali. Muka bi sautin. Wata tsohuwa ce ke share gindin rumbun, wurin ya yi tas kamar masallaci, sawun tsintsiya a jere.

Na ce, "Inna, ina wuni?"

Ta ɗago ta dube mu ba mamaki. "Kun zaka da takardar?"

Na ce a'a, dubawa muka zo yi.

"To ku duba. Ba mu taɓa ba. Ko ƙwara guda. Maigari yac ce mu ba ɓarayi ba na, mu jira. Ya aika Sakkwato sau biyu, anka ce ana dubawa." Ta ci gaba da shara. "Sun ce ajiya ta don ranar yunwa. Nic ce, to wagga wace rana ta?"

Na tambaye ta ina mutane. Ta nuna bayan gari da tsintsiya, ta nuna hanyar arewa. Masu ƙafa sun tafi, marasa ƙafa sun kwanta. Ita ta zauna don kada takarda ta zo ba ta tarar da kowa ba. Wasu Fulani ne ke ajiye mata nono in sun bi ta wajen.

Na ɗaga sanda na buga, don ban san abin da zan yi ba in ban buga ba. Gindi, ciki, wuya, cike har baki. Ban taɓa buga rumbu mai kyawun amsa kamarsa ba. Sai na ɗora kunnena a jikin lakar, na ji wani abu a ciki, siriri, ba ya tsayawa, kamar yayyafi a kan busasshen kara. Na san ƙwari ne suka shiga geron suna ci, na sha jin irinsa. Amma tsohuwar ta matso ta ce a hankali, "Kai ma ka ji su? Ɗiyan na. Da rana suka ci. Wancan mai gaggawar Ige na, bai iya ci sannu ba."

Sambo ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa. Muka roƙe ta ta bi mu Goronyo, ta ƙi. Muka bar mata sauran garinmu. Har muka yi nisa ina jin tsintsiyar nan a bayana, shar, shar.

A Goronyo mun sauka gidan wani mai sayar da albasa. Ya ba mu tuwon dusa da miyar da ba ta san gishiri ba, yana ta ba mu haƙuri. Sambo bai ci ba. Ni na ci, don ni ciki ba ya mini kara, amma ban ji ɗanɗano ba. Sauran rumbu ɗaya ya rage mana, na Tungar Modi, can arewa da Taloka, kusa da iyakar ƙasar Faransa.

Hanyar can ba hanya ba ce, sawun shanu ne. Muka yi ta bi har muka tarar da tarin duwatsu da wani ƙarfe a tsaye, muka wuce shi ba mu san ko mene ne ba. Sai ga wani Bafulatani da 'yan shanunsa ramammu, ya dubi rigar Sambo ya yi dariya. Ya ce mun baro ƙasar Ingilishi tun a wajen ƙarfen nan, in sojan Faransa ya gan mu da jar riga sai mun yi bayani da bakin da ba mu iya ba. Ban taɓa ganin dattijo ya tuɓe riga da sauri irin na Sambo ba. Ya cusa ta cikin mangalar jaki, ya tsaya daga shi sai 'yar shara, igiya a hannu, kamar mai neman ɓataccen ɗan maraƙi.

Bafulatanin ya ba mu nono. Na tambaye shi ko a wannan gefen ma haka abin yake. Ya ce har ya fi, su ma rumbunansu a rufe, mutanen can na gudowa nan, na nan na gudu can, suna haɗuwa a hanya suna yi wa juna sannu. Ya dafa saniyarsa ya ce, "Ni rumbuna ƙahwa huɗu gare shi. Ɗana ya yi kuka, in tatsa. Ba ni jiran takarda." Ya nuna mana hanyar komawa.

Da muka sake shigowa ƙasarmu, a wata busasshiyar ƙorama, muka ci karo da mata sun fi ashirin a jere, kowace da ƙwarya cike da rairayi a ka. Ba mai magana, ba mai waƙa. Suna ganin mu suka tsaya cak kamar an dasa su. Ni da bakina ba ya zama, na ce, "Kai, yunwa ta kai ku ga cin rairai?" Babbar cikinsu ta ce, "Na ɗaki na," ba ta dube ni ba. Muka wuce. Ina tafe ina cewa a raina, wa ke gyaran ɗaki a shekara irin wannan? Kuma damatsan matan nan ba su yi kama da na masu tonon tururuwa ba.

Jaki ya sake yin halinsa, ya ƙi tafiya, sai da muka kwana a wata rugga. Washegari da hantsi muka isa Tungar Modi. Na saurara tun daga nesa kamar yadda na saba. Shiru. Na ce a raina wani Gidan Altine ne. Amma a nan akwai mutane. Maza na zaune a gindin dangogi, mata na leƙe ta ƙofa. Ba turmi ko ɗaya a tsakar gida, sai zagayen da gindinsa ya bari a ƙasa. Kuma ba yaro. Gari guda, ba mai rarrafe, ba mai gudu, ba mai kuka. Na dubi bayan gari ina neman ƙananan kaburbura, ban ga ko ɗaya ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Maigari Modi ya fito, tsoho ne ƙwarai, yana dogara sanda, tari na cin sa. Ya gaishe mu kamar yadda ya kamata, ya kai mu gindin rumbun da kansa. Hatimi lafiya lau. Amma ni na gina irin waɗannan, duwatsu tara nake sa musu a ƙasa. Wannan an ƙara masa wasu, an cusa su a tsakiya, kamar ana tallafe mai ciki. A wuyansa kuma, ƙarƙashin jinka, akwai wani tabo da lakarsa ba ta gama bushewa ba.

Na buga gindi. Tun bugun farko na ji. Rairayi ba ya amsawa, haɗiye sanda yake yi, sai ka ji abin ya mutu a hannunka. Na buga ciki, haka. Na buga wuya, haka. Sai komai ya haɗu a kaina. Sun huda ƙasa sun zare geron sun raba gida-gida. Da suka ji mai kunne na tafe, suka cika shi da rairayi ta wuya don kada ya yi kukan tulu. Turame an ɓoye don kada a ga gari a cikinsu. Yara an ɓoye don kumatunsu za su tona asiri.

Maigari ya ce yana son ya nuna mini wata tsaga ta bayan rumbun. Muka zagaya mu biyu. Ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, na san ka ji. An hwaɗa min kunnenka." Ya yi tari. "Ni nis sa anka yi. Mun ji abin da yas samu Gidan Altine. Mu munka noma shi, ɗiyanmu ka kuka, shi ko mai cewa a buɗe shina can kwana ukku, ba ya jin kukan. In laihi na, nawa na. Igiya ba ta dame ni ba, ga ni ga kabari. Amma in kac ce rairai na, gobe za a bi gidaje a kwashe abin da yar rage. Ka ba ni zuwa tumu. Sabon hatsi shi nuna, sannan a zo a ɗaure ni."

Na tuna na dafa Alƙur'ani a gaban hakimi cewa abin da na ji zan faɗa. Na tuna in abin ya tonu, ni ma igiya ce ko kurkuku, in an sassauta kuma sunana ya lalace, kuma da sunan nake ci. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Muka dawo gaba. Sambo na tsaye, ya riga ya sauko da igiyar daga kafaɗa. Mutanen gari duk sun miƙe. Ya ce, "Mani, mi kaj ji?"

Na sake ɗora kunnena a jikin lakar don in sami lokaci. Babu komai a ciki, ko motsin ƙwaro. Amma daga can wani ɗaki na ji jariri ya fara kuka, aka toshe masa baki da nono nan take. Sai tsintsiyar tsohuwar nan ta dawo mini, shar, shar, da kallon matar da ta bi kunnena a bayan Maikujera.

Na ce, "Gero na. Cike har wuya, ba a taɓa ba."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa. Sambo ya dube ni ya daɗe. Ya dubi duwatsun da aka ƙara. Sannan ya naɗe igiyarsa a hankali ya mayar kafaɗa. Ya ce, "Kai ka da kunne. Ni igiya gare ni."

Sauran kun sani. Damina ta faɗi, laka ta jiƙe, rumbun ya kasa ɗaukar nauyin ya fashe, rairayi ya malalo har hanya. Lokacin sabon gero ya fara nuna, Maigari Modi kuma ya kwana goma sha wani abu a kabari, mutanensa suka ce shi kaɗai ya san yadda aka yi. Aka kira ni gaban Bature. Na ce kunnena ne ya mutu. Aka karɓe sandar, na yi wata biyu a tsare, na yi kaffarar rantsuwata da azumi bayan na fito. Har yau ba wanda ya sake kira na bugun rumbu, ginin ma sai wanda ya rasa magini. Takardar Gidan Altine kuwa ta zo daga baya. Waɗanda suka kai ta sun ce sun tarar da gindin rumbun a share, tsintsiya a jingine, ba kowa. Da suka fasa hatimin, gari ne da ƙwari.

Ni ba malami ba ne, ban san yadda ake tsara dukiyar ƙasa ba. Ajiya abu ne mai kyau, har gobe zan gina rumbu in an kira ni. Abin da na gano a tafiyar nan shi ne, wanda ya noma yana da haƙƙin ci kafin ya mutu, kuma bai kamata ikon buɗe rumbu ya yi nisan da ba zai ji kukan yaro ba. Maigarin bayan Maikujera kuwa, wanda bakina ya ɗaure, na je neman gafararsa. Ya yafe, amma biyu daga jikokinsa ba su ga damina ba, wannan kuma ba yafewar da za ta sauke mini shi.

Ku ci gaba da kira na Kurma, na saba. Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da muka bar Tungar Modi, mun yi tafiyar da ta kai nisan kiran salla, sai na ji shi a bayanmu. Turmi ɗaya, a tsorace. Can na biyu ya amsa. Sai na uku, sai gari duka ya ɗauka, da ihun yara a tsakani kamar an buɗe akurki. Na saci kallon Sambo. Yana tafe yana duban gabansa, hawaye na bin gemunsa.

Na ce, "Baba Sambo, ka ji wani abu?"

Ya ce, "Ban ji komi ba. Kora jakinka."